Bajon Tsaraba: Yadda Ɗan Ƙarfe Ya Maye Gurbin Ganimar Fagen Yaƙi

Idan ka ziyarci Gettysburg a Amurka, ko Waterloo a Beljiyam, kafin ka fita za ka tarar da shagon tsaraba. A ciki akwai bajo, wato ɗan ƙarfen nan mai fil a bayansa da ake maƙalawa a hula ko a ƙirjin riga. An zana masa igwa ko tuta, ga sunan wurin da shekarar yaƙin. Akwai masu tara su bila adadin, kowane fage da nasa bajon. Za ka iya cewa wasan yara ne, amma tarihinsa ya taɓo wata tambaya mai nauyi: me ya halatta baƙo ya ɗauka daga wurin da dubban mutane suka mutu?

Asalin al'adar ya girmi yawon buɗe ido. Bayan kashe Thomas Becket a cocin Canterbury na Ingila a 1170, Kiristoci masu ziyarar kabarinsa sun riƙa sayen bajo na dalma da kuza da ake zubawa a mazubi, su ɗinka a hula don a san sun je. An tsinci da yawa daga cikinsu a laka a bakin kogin Thames. Wasu masana tarihi na ganin cewa bajon ya taimaka wa masu kula da wuraren, domin mai ziyara da ya samu abin tafiya da shi gida ba zai ɓanɓari ɗan dutsen ginin ba.

A fagen yaƙi kuwa, da ganima aka fara. An gwabza a Waterloo ranar 18 ga Yuni, 1815, inda aka ci Napoleon da yaƙi. Cikin 'yan makonni baƙi daga Birtaniya suka fara tururuwa, manoman yankin kuma suka buɗe kasuwa: maɓallan kakin soja, harsasai, takubba, huluna, har da wasiƙun da aka cire daga aljihun mamata. Marubuci Walter Scott ya je a watan Agusta na shekarar, ya koma gidansa na Abbotsford da kayan yaƙi. Da na gaske suka yi ƙaranci sai na jabu suka cika kasuwa, domin mai saye bai san bambanci ba.

Sannu a hankali tsarabar da aka ƙera da gangan ta samu gindin zama. A Gettysburg, inda aka yi yaƙi daga 1 zuwa 3 ga Yuli, 1863, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 na ɓangarorin biyu sun taru a 1913 don cika shekara 50, ƙirazansu cike da bajo da lambobin tunawa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya iyalai suka riƙa zuwa Ypres da Verdun don ganin inda 'ya'yansu suka faɗi. Kamfanin taya na Michelin ma tun 1917 ya fara buga littattafan jagora zuwa fagagen yaƙin Faransa.

To, ina ruwan kimiyya da wannan? Amsar tana Little Bighorn a jihar Montana, inda mayaƙan Lakota da Cheyenne suka hallaka rundunar George Custer a Yunin 1876. A 1983 gobarar daji ta cinye ciyawar wurin. Daga 1984 masu binciken kayan tarihi, cikinsu har da Douglas Scott da Richard Fox, suka bi filin da na'urar gano ƙarfe, suna rubuta daidai inda aka tsinci kowane kwanson harsashi. Dabarar da suka yi irin ta 'yan sanda ce. Duk bindiga tana barin tabo nata na musamman a gindin kwanson da ta harba, kamar zanen yatsa. Idan ka ga kwanso mai tabo iri ɗaya a kan wannan tudu da kuma cikin wancan kwari, ka san bindiga ɗaya ce ta bi wannan hanyar. Ta haka suka gano cewa mayaƙan Lakota da Cheyenne na riƙe da bindigogi masu harbi a jere irin su Henry da Winchester masu yawa. Fox kuma ya yanke cewa tsarin sojojin Custer ya wargaje ne cikin gaggawa, abin da ya yi daidai da labarin da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna bayarwa.

Ka ga ke nan darajar kwanson ba a jikinsa take ba, tana wurin da ya faɗi. Da wani baƙo ya sa shi a aljihu, da shaidar ta tafi har abada, ko da ya adana shi cikin gilashi a ɗakinsa. Shi ya sa dokar Amurka ta 1979 ta haramta tono ko ɗaukar kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya ba da izini ba. A Beljiyam da arewacin Faransa kuma akwai ƙarin dalili: har yau manoma na tono harsasan igwa da ba su fashe ba, wasu ɗauke da iskar guba, kuma ba su daina kashe mutane ba.

Sai dai sha'awar taɓa ainihin abin ba ta mutu ba. A 2016, don cika shekara 100 da yaƙin Somme, ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya, Royal British Legion, ta sayar da bajo mai siffar jan furen fofi da aka narka daga tagullar kawunan harsasan igwa da aka samo a fagen, aka kuma cuɗa ƙasar wurin cikin jan fentinsa. An danganta shi da sojojin Birtaniya 19,240 da aka kashe ranar 1 ga Yuli, 1916 kaɗai. Wannan bajo ne ko ganima? Yana tsakiya, kuma ya nuna maka cewa abin da ya ja Walter Scott zuwa Waterloo yana nan a zukatan mutane.

Masu suka na cewa mayar da maƙabarta kasuwa rashin kunya ne, kuma maganarsu abin dubawa ce. Amma ka auna biyun. Bajon shago ana iya buga dubunsa gobe, kuɗinsa ma a wurare da dama na shiga aikin kula da fagen. Maɓallin da ke cikin ƙasa guda ɗaya ne, wataƙila shi kaɗai ya rage da zai nuna inda wani soja ya tsaya. Don haka in Allah ya kai ka irin waɗannan wurare, sayi bajonka ka maƙala. Abin da ka gani a ƙasa kuwa, kada ka taɓa: ɗauki hotonsa, ka lura da wurin, ka sanar da ma'aikata.