FASHIN BAƘI: Miji a Kebbi, mata da juna biyu a Birtaniya, an hana biza: me doka ta ce, me ya rage a yi?

A ƙasar Kabi, kamar sauran ƙasar Hausa, mace ba ta yin haihuwar fari ita kaɗai. Idan ciki ya tsufa akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarta, a yi mata wankan jego da kunun kanwa har ta cika arba'in. Ranar bakwai miji ya kawo rago a raɗa suna. An gina wannan tsari ne bisa zaton cewa tsakanin gidan miji da gidan surukai bai wuce tazarar Argungu zuwa Birnin Kebbi ba. Yanzu kuwa akwai iyalan da matar tana aikin jinya ko karatu a Birtaniya, mijin yana nan gida, kuma wanda zai yanke hukuncin ko zai ga haihuwar ɗansa jami'in biza ne da bai taɓa ganin sa ba.

Irin wannan rabuwa ta ƙaru ne bayan sauye-sauyen 2024. Daga 1 ga Janairun shekarar, Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu ɗaukar iyalansu, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga 11 ga Maris ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi. A Afrilu kuma ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake bukata kafin ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin ya kawo abokin aurensa, daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. Likitoci da ma'aikatan jinya har yanzu suna iya ɗaukar iyali, amma ba kowane magidanci ke son barin aikinsa da gonarsa ya koma zaman Turai ba. Abin da ya rage wa irin waɗannan shi ne bizar ziyara, wadda ke ba da damar zama har wata shida.

Abin da jami'in ke nema

Ƙa'idojin baƙi masu ziyara suna cikin wani sashe na dokokin shige da fice na Birtaniya mai suna Appendix V. Ginshiƙinsu shi ne mai nema ya gamsar da jami'i cewa zai fita daga ƙasar idan ziyarar ta ƙare, ba zai mayar da ziyara zama ba ta hanyar yawan zuwa a kai a kai, ba zai yi aiki ba, kuma yana da abin da zai ɗauki nauyin tafiyar, shi da kansa ko ta hannun mai masaukin da ya nuna zai iya. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai nema.

A nan ne iyalai da dama kan yi kuskuren fahimta. A ganinsu babu hujjar da ta kai juna biyu ƙarfi: mace tana da ciki, tana ƙasar da ba ta da kowa, wa zai hana mijinta zuwa? Jami'in kuwa ta ɗaya gefen yake kallon maganar. Mata da jariri a Birtaniya dalili ne mai ƙarfi na zuwa, kuma dalili ne mai ƙarfi na ƙin komawa. Saboda haka duk yadda takardun suka jaddada bukatar matar, haka tambayar jami'in ke ƙara nauyi: me zai dawo da wannan mutum Kebbi? Wasiƙar gayyatar da ta cika shafi biyu da bayanin laulayi da kaɗaici, amma ba ta ce komai a kan aikin mijin da ranar komawarsa ba, ta amsa tambayar da ba a yi ba ne.

Wannan ba ya nufin a ɓoye cikin. A faɗe shi a fili, a haɗa da takardar MAT B1 da ungozoma ko likita ke bai wa mai ciki a Birtaniya bayan ta kai mako 20, wadda ke nuna lokacin da ake sa ran haihuwa. Sai dai a bar shi a matsayin dalilin tafiya, a kuma tara hujjar dawowa daban.

Dukiyar da ba ta kan takarda

Matsalar da ta fi shafar mutanen Kebbi ita ce arzikinsu ba ya bayyana a irin takardun da jami'in ya saba karantawa. Jiha ce ta noman shinkafa, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, kuma akwai manyan masana'antun casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi. Manomin fadama kan yi watanni asusunsa babu motsi, sai bayan girbin rani ya sayar da ɗaruruwan buhuna, miliyoyi su shigo a mako guda, wani lokaci daga asusun dillali ko na mai POS. Haka ɗan kasuwar albasa na Aliero, ko mai fataucin busasshen kifi. A wurin wanda ya san ƙasar, wannan shi ne alamar mai abin hannu. A wurin jami'in biza kuwa, kuɗi ne masu yawa da suka shigo ba bayani, kuma irin wannan yana cikin dalilan da ake yawan rubutawa a takardun ƙin amincewa, domin ya yi kama da kuɗin aro da aka zuba don a burge shi.

Dokar ba ta yanke wani adadin da dole a gani a asusu ba. Abin da ake dubawa shi ne ko kuɗin na mutumin ne, daga ina suka fito, kuma ko tafiyar ta yi daidai da ƙarfinsa. Ma'aikacin da ya ce zai kashe albashin wata takwas a ziyarar mako uku ya jawo wa kansa tambaya. Mafita ita ce duk wani babban kuɗi da ya shigo cikin watannin da takardar banki ta nuna, yawanci shida, a yi masa bayani a rubuce, a haɗa da rasit, takardar awon kaya daga masana'anta, ko shaidar ƙungiyar manoma. Idan matar ce za ta ɗauki nauyi, a faɗi haka kai tsaye tare da takardun albashinta da na gidan da take haya, maimakon ta turo kuɗi a zuba a asusun miji a ce nasa ne.

Haka zancen gona. Gonar gado a fadamar Rima tana iya fin gidan bene daraja, amma sau da yawa shaidarta tana bakin mai gari da maƙwabta ne kawai. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna ne ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Wanda ke da takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko rajistar kasuwanci ta hukumar CAC, ko shaidar biyan haraji, ya sa su. Ma'aikacin gwamnati ya nemi wasiƙar amincewa da hutu mai ɗauke da ranar komawa aiki, kuma ya tabbata abin da takardar albashi ta nuna ya dace da abin da ke shiga banki. Idan ana cire bashin ƙungiyar adashi, ya bayyana. Iyaye tsofaffi ko wasu 'ya'ya da ke hannunsa a gida su ma hujja ce ta dawowa.

Sai aure. An ɗaura shi a gaban shaidu, an biya sadaki, an raba goro, amma babu takarda. Birtaniya tana amincewa da auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi, sai dai tana son ganin shaida. Takardar da aka rubuta da Hausa ko Larabci dole a haɗa ta da fassarar Turanci mai ɗauke da sunan mai fassara, sa hannunsa, kwanan wata da hanyar tuntuɓarsa. A kuma lura da rubutun suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a takardar aure, ƙaramin abu ne da kan haifar da shakku.

Bayan an ƙi

Tun 25 ga Yunin 2013 Birtaniya ta soke damar ɗaukaka ƙara ga masu neman ziyarar 'yan uwa, sai a 'yan lokutan da aka amince maganar ta shafi haƙƙin ɗan Adam. Kuɗin nema, wanda ya kai fam 127 a Afrilun 2025, ba a mayarwa. Hanyoyin da suka rage biyu ne.

Ta farko ita ce sake nema, kuma babu wa'adin jira. Amma sake tura takardun jiya da fatan a dace da jami'i mai sauƙin kai asarar kuɗi ce, domin sabon jami'in zai ga abin da na farko ya rubuta. Takardar ƙin amincewa takan lissafa dalilanta sakin layi bayan sakin layi. Aikin mai nema shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya amsa kowanne da sabuwar shaida a cikin gajeriyar wasiƙa. Dole kuma ya bayyana a fom cewa an taɓa hana shi, ko da wata ƙasa ce ta hana. Ɓoye wannan, ko sa takardar banki ta bogi, na iya jawo haramcin shekara 10. Wanda ya bar wa ejan ko mai shagon intanet cike fom ya sani cewa duk abin da aka rubuta, shi za a kama da shi. Ya karanta kowane layi kafin a tura.

Ta biyu ita ce neman kotu ta duba ko hukuncin ya bi doka, kuma ta fi dacewa da inda jami'in ya yi kuskure a fili, misali ya ce ba a sa wata takarda ba alhali tana ciki, ko ya yi kuskuren lissafin naira zuwa fam. Lauya kan fara da wasiƙar gargaɗi ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda yawanci ake ba ta kwana 14 ta amsa, kuma wani lokaci a nan take janye hukuncin. Shigar da ƙarar kanta dole ya kasance cikin wata uku. Kotun ba ta ba da biza, iyakarta ta sa a sake dubawa. Matar kuma tana iya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓar da take zaune ya tuntuɓi ma'aikatar, ko da ba ta da takardar zama 'yar ƙasa.

Duk wannan lissafi makonnin ciki ne ke mulkinsa. Ana iya nema tun saura wata uku a yi tafiya, amsa kan ɗauki kimanin mako uku bayan ɗaukar hoton yatsu, kuma wannan na bukatar tafiya zuwa cibiyar VFS Global, kamar ta Abuja ko Legas, wadda daga Birnin Kebbi tafiyar yini ce a mota. Wanda ya nema matarsa tana wata shida yana da sararin gyara idan an ƙi. Wanda ya jira wata na tara harbi ɗaya gare shi.

Idan uwa ce za ta je, ko matar ce ke gida

Iyalai da yawa sun fi bukatar zuwan mahaifiya a kan na miji, saboda wankan jego. Jagorar jami'an biza ta amince ɗan uwa ya zo ya taimaka da kula da yaro na ɗan lokaci, muddin bai zama aikin raino ba. Wasiƙar da ta ce kaka za ta zauna wata shida tana riƙe jariri domin uwa ta koma aiki ta kusa ƙetare wannan iyaka.

Idan kuwa mijin ne ke can, mai cikin tana Kebbi, babu dokar da ta hana mai ciki ziyara. Amma asibitocin gwamnati a Ingila suna cajin baƙo kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aiki. Ba za a ƙi karɓar haihuwa ba, amma bashin da ya kai fam 500 aka yi wata biyu ba a biya ba akan kai rahotonsa ga hukumar shige da fice, ya zama dalilin hana biza nan gaba. Kuma tun 1983 haihuwa a Birtaniya kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa, sai idan ɗaya daga iyayen ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zaman dindindin.

A Amurka, yawancin ƙin amincewa na ƙarƙashin sashe na 214(b) ne, wanda ke ɗaukar kowane mai nema a matsayin mai niyyar zama har sai ya nuna akasin haka, kuma babu ɗaukaka ƙara. Tun Janairun 2020 aka hana bizar ziyara ga wadda babbar manufarta ita ce haihuwa don samar wa yaro takardar ƙasa, sannan a Disamban 2025 Shugaba Donald Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar ziyara da ta karatu. Ƙasashen Schengen kuwa suna ba da damar ɗaukaka ƙara, kuma takardar ƙin amincewar kan nuna inda za a kai da wa'adinsa.

Idan aka ƙi sau biyu, sauran zaɓi shi ne matar ta dawo gida ta haihu, kuma wannan ma yana da ƙayyadadden lokaci: yawancin kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, ko mako 32 idan tagwaye ne, kuma da yawansu kan nemi wasiƙar likita daga mako 28. Ma'aikaciya a Birtaniya tana da haƙƙin hutun haihuwa har mako 52, amma mai neman zaman dindindin ta lura cewa wuce kwana 180 a waje cikin wata 12 na iya karya lissafin zamanta. Idan kuma ta haihu a can, a Ingila ana rajistar haihuwa cikin kwana 42, kuma matar aure tana iya yi ita kaɗai ta sa sunan mijinta. Yaron ɗan Najeriya ne ta hanyar iyayensa bisa sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, ana iya nema masa fasfo a ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan, ragon suna kuwa a yanka shi a ƙofar gidan kakansa a Argungu ranar bakwai.