Yadda ake kare itacen ɓaure daga sanyin hunturu

Ɓauren da ake sayarwa a kasuwannin duniya, wanda Larabawa ke kira tin, ɗan uwa ne ga ɓauren da aka sani a ƙasar Hausa, amma ba iri ɗaya ba ne. Asalinsa daga yankin Gabas ta Tsakiya da gaɓar tekun Bahar Rum yake, kuma Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa.

Itace ne mai jure fari da zafin rana. Abin da ba ya jurewa shi ne tsananin sanyi. Idan sanyi ya zarce digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, rassansa kan fara mutuwa, musamman ma idan itacen ƙarami ne.

Sau da yawa saiwar kan tsira ta sake toho. Sai dai wasu nau'o'in ɓaure sau biyu suke 'ya'ya a shekara, kuma na farkon a jikin rassan bara suke fitowa. Idan rassan suka mutu, an yi asarar wannan zubin ke nan, na biyun kuma ba lallai ne ya nuna kafin sanyi ya dawo ba.

A Amurka, 'yan asalin kudancin Italiya da suka yi ƙaura zuwa birane irin su New York tun ƙarshen ƙarni na 19 ne suka yi fice a wannan aiki. Da zarar ganye ya zube, wajen watan Nuwamba, sai su tattara rassan su ɗaure da igiya, su naɗe da buhun algarara ko tsohon bargo, su cusa busasshen ganye a tsakani, sannan su kife bokiti a bisa domin hana ruwa shiga.

Ba a ɗora leda kai tsaye a jikin itacen, saboda tana riƙe danshi, danshin kuma ya jawo ruɓa. Akwai kuma ɓeraye, waɗanda kan sami mafaka a cikin naɗin su gwaguye ɓawon.

Wasu kuwa binne itacen suke yi ɗungurungum. Akan haƙa dogon rami a gefensa, a sare saiwar ɓangare ɗaya, a kwantar da shi a hankali, a rufe da katako da ƙasa. Sai bazararsu ta kama, wajen watan Afrilu, a tono shi a miƙar. Aiki ne mai wahala, amma ƙasa ta fi kowane bargo riƙe ɗumi. Manoman garin Argenteuil da ke kusa da birnin Paris sun daɗe suna binne rassan ɓaurensu a ƙarnonin baya.

Wanda aka dasa a tukunya ya fi sauƙi: a shigar da shi gareji mai sanyi amma marar daskarewa, a riƙa ba shi ruwa kaɗan kamar sau ɗaya a wata.

Tsananin sanyin da aka yi a farkon shekarar 2014 ya kashe rassan ɓaure masu yawa a unguwannin New York, abin da ya sa wasu da suka daina naɗe itatuwansu suka koma ga tsohuwar dabarar.