Gidan Koko na Ibadan

Gidan Koko, wanda aka fi sani da Cocoa House, dogon bene ne na ofisoshi da ke Dugbe, cibiyar kasuwancin birnin Ibadan. Hawa 26 ne, tsayinsa mita 105. An kammala shi a 1965, kuma shi ne gini mafi tsawo a Najeriya har zuwa 1979, lokacin da benen NECOM na Legas ya zarce shi.

Da gumin manoma aka gina shi. Tun 1947 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar cinikin koko, wadda ke yanka wa manomi farashi, ta sayar da amfanin a ƙasashen waje, ta riƙe rarar. A 1954 aka mayar da irin waɗannan hukumomi hannun gwamnatocin yankuna. Manomin gyaɗa na Bebeji ko Kiru ya san wannan tsari sarai, domin haka aka riƙa yi da gyaɗarsa kafin a jera buhunanta a dala a Kano. A Yankin Yamma, inda Ibadan take, rarar koko ce ta tallafa wa ilimin firamare kyauta a 1955 da gidan talabijin na Ibadan a 1959, zamanin Firimiya Obafemi Awolowo. Benen kuwa sai a zamanin magajinsa, Samuel Ladoke Akintola, aka gama shi. Sunansa na farko da Yarbanci shi ne Ile Awon Agbe, wato gidan manoma.

Kamfanin Cappa and D'Alberto ne ya yi aikin, da kankare da rodi. Fasalinsa ba shi da ƙawa mai yawa: dogo ne mai kusurwa huɗu, tagogi sun jeru sahu-sahu daga ƙasa har sama, ga wani kewayayyen gini mai ƙubba a gefensa. Abin da ya fito da shi shi ne muhallinsa. Ibadan gari ne na gajerun gidaje masu rufin kwano da tsatsa ta rine, don haka daga nesa ake hango benen, ciki har da wajen Sabo, unguwar Hausawa 'yan goro da shanu da aka kafa tun 1916.

Sai dai manoman da aka sa wa ginin sunansu ba su ga da kyau ba. A shekarar da aka kammala shi farashin koko ya faɗi warwas a kasuwar duniya, kuma a 1968 manoman karkarar Ibadan suka tayar da boren Agbekoya a kan haraji da ƙarancin farashi. Ƙorafinsu yana da tushe: kuɗin daga gona suka fito, amma a birni aka kashe mafi yawansu.

Ranar 9 ga Janairu, 1985, gobara ta tashi daga saman benen ta cinye cikinsa, ta bar ƙwarangwal. Sai bayan fiye da shekara bakwai, a Agustan 1992, aka sake buɗe shi bayan gyara. A tsakanin nan ne, a 1986, gwamnatin tarayya ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona.

Yanzu ginin mallakar kamfanin Odu'a Investment ne, wanda jihohin Yarbawa suka kafa a 1976 don kula da kadarorin tsohuwar Jihar Yamma. Kamfanoni na haya a cikinsa, akwai gidan adana kayan tarihin Yarbawa a hawa na 24, kuma an gina manyan kantunan zamani a harabarsa.