Jinga Biyu: Tarihin Rigimar Gini a Ƙasar Haɗeja

A bakin mutanen Haɗeja kalmar jinga tana da ma'ana biyu, domin da ita ake kiran tudun ƙasar da ake tarawa a gaɓar kogi don tare ambaliya, da ita kuma ake kiran yarjejeniyar da mai gida yake ƙullawa da magini a kan kuɗin aiki dungurungum, saɓanin ladan yini. Rigimar gini a wannan ƙasa ta daɗe tana kai da komo tsakanin jingar nan biyu, saboda duk lokacin da soro ya rufta a damina, abin da ake fara tambaya shi ne ko magini ne ya ha'inci tasa jingar, ko kuwa kogi ne ya karya tasa.

Ginin gargajiya a nan na ƙasa ne, wato a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya, a jera shi, sannan a rufe da azara, wadda ita ce icen giginya da aka faskara, mai jure wa gara. Bayan rufi akan yi yaɓe, a shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama ratsa bango, a kafa indararo don ya jefa ruwan soro nesa da gindin katanga. Kuskuren magini yana da wuraren ɓuya sanannu: tubalin da aka jera bai gama bushewa ba, azarar da aka shimfiɗa a ɗakin da ya fi ƙarfin tsawonta, da rufin da bai karkata zuwa bakin indararo ba, har ruwa ya kwanta a kansa ya yi ta tsatsafowa. Sai dai ginin ƙasa ba ya ƙarewa ranar da magini ya wanke hannunsa, domin al'ada ta ɗora wa mai gida sabunta yaɓe da share indararo kafin faɗuwar ruwa, kuma wanda ya yi sakaci da wannan ba shi da bakin zargin wani. Shi ya sa daminar fari ta zama ma'auni, kasancewar aibin da ya bayyana a cikinta ya fi kusa da hannun magini, wanda kuwa ya ɓullo bayan shekaru ya fi kusa da lalacin mai gida.

Tun bayan da Haɗeja ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato a farkon ƙarni na 19, shari'ar alƙalai tana bin mazhabar Malikiyya, wadda ta yi fice da hukuncin lamunin masu sana'a, ma'ana mai sana'ar da ya tafi da kayan mutane wurinsa, kamar marini ko maɗinki, shi ke biya idan sun lalace. Magini bai faɗa cikin wannan tsanani kai tsaye ba, tunda yana aiki ne a filin mai gida kuma a gaban idonsa, don haka sai an tabbatar da sakaci ko ƙetare haddi kafin a ɗora masa ramuwa, hujja kuwa tana wuyan mai ƙara. Alƙali masanin littafi ne, ba masanin tubali ba, saboda haka fikihu ya yarje masa ya jingina da shaidar gwanaye, aikin da ya yi daidai da matsayin Sarkin Magina a biranen Hausa irin su Kano da Zariya. Wannan hanya tsohuwa ce, domin Ibn al-Rami, wani maginin Tunis na ƙarni na 14 da alƙalai ke aikawa duba gine-gine, ya bar littafi sukutum a kan irin waɗannan hukunce-hukunce. Duk da haka, akasarin saɓani a zaure yake mutuwa, a gaban mai unguwa ko bulama, kuma sulhun ba ya wuce magini ya dawo ya tayar da abin da ya faɗi, mai gida ya kawo ƙasa da ruwa.

Cin Haɗeja da Turawan Ingila suka yi a 1906 bai rushe kotunan alƙalai ba, sai dai ya sa su ƙarƙashin kulawar Razdan. A ƙarshen shekarun 1960 aka raba su da hukumar En'e suka koma hannun jiha, aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, sannan aka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000.

Babban sauyin bai zo daga kotu ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, sai kogin Haɗeja, wanda a da yake cika da damina ya janye da rani, ya koma mai gudana kusan duk shekara, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta riƙa faɗawa inda ba a saba ganinta ba a yankunan Auyo da Guri da Kiri Kasamma, kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022. A daidai wannan zamani bulo da siminti da kwano suka shigo, birkila da ɗan kwangila suka maye gurbin maginin unguwa wanda kowa ya san gidan ubansa, aibi kuma ya koma inda ido ba ya kaiwa, cikin bulon da aka cika wa yashi aka rage wa siminti, ko harsashin da ba a haƙa da zurfi ba. Akwai majalisar kula da injiniyoyi ta COREN tun 1970 da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, amma gidan talaka a ƙauyen fadama galibi ba shi da zane balle rubutacciyar yarjejeniya. Idan irin wannan gida ya kwana uku a cikin ruwa ya faɗi, ambaliyar da ta rushe shi takan tafi da shaidar da za a kama magini da ita, mai gida kuma yakan karkata ga neman tallafin gwamnati maimakon shigar da ƙara.