Gidan Malam Rabi'u Ɗantinki: Daga Hijirar Barno Zuwa Ƙasar Bici

A shekarar 1893 Miladiyya, sa'ad da Rabe ɗan Fadlallah ya karya rundunar Shehun Barno Hashimi, ya rushe Kukawa, ya koma Dikwa ya kafa gadon mulkinsa, jama'a masu yawa suka watse, waɗansu kuwa suka fuskanci yamma, ba su sauke kaya ba sai a ƙasar Kano, wadda ita ma a lokacin tana fama da tata Basasar. Faransawa sun kashe Rabe a Kuseri a 1900, amma da yawa daga cikin masu hijirar ba su koma ba. Daga cikinsu, bisa ga yadda ake ruwaito tarihin gidan, akwai kakannin Halifa Isyaku Rabi'u, waɗanda zuriyarsu ta zauna a ƙasar Bici, kuma daga ƙauyen Tinki ne mahaifinsa, Malam Muhammadu Rabi'u, ya sami laƙabin Ɗantinki.

Wanda duk ya san ƙasar Bici ya san ba wuri ne mai yalwar daji ba. Gona tana manne da gona, ana nomanta kowace damina ba hutu, sai da ƙarfin takin da jakuna suke kaiwa da rani a cikin mangala, don haka baƙon da ya zo hannu rabbana ba ya samun fili da sauƙi. Amma idan baƙon alaramma ne, to, sha'aninsa dabam ne, domin mai gari zai ba shi masauki da 'yar gona, magidanta su kawo masa 'ya'yansu, da kaka kuma a kai masa damin gero da dawa na zakka. Da dare ya yi sai a hura wutar kara a tsakar tsangaya, kolo da titibiri su kewaye ta, kowa da allonsa a kan cinya, gardawa kuma suna gefe a kan buzu suna tilawa har tsakar dare. Mutanen Barno kuwa tun da can an sallama musu wajen haddar Alƙur'ani da kyan rubutunsa. A ganina wannan shi ne jarin da mayaƙan Rabe suka kasa ƙwacewa, kuma a kansa aka gina duk abin da ya biyo baya.

Isyaku ya fara karatu a gaban mahaifinsa, sa'an nan aka tura shi Maiduguri, watau ƙasar da kakanninsa suka baro cikin firgici ita ce ya koma yana ɗalibi cikin aminci. Da ya komo Kano ya zauna yana karantarwa, bai shiga kasuwa ba sai da iznin mahaifinsa. A 1952 ya kafa kamfanin Isyaku Rabiu & Sons, yana sayar da kekunan ɗinki da na hawa da littattafan addini, har zuwa 1958 da ya zama dilan yadin masaƙar Kaduna, inda Allah ya yi masa buɗi. A farkon shekarun 1970 ya kafa masaƙar Bagauda.

Attajirai da yawa sun yi zamani a Kano, amma kaɗan ne dukiya ba ta raba su da allo ba. Isyaku yana cikin kaɗan ɗin nan, shi ya gina babban masallaci a Goron Dutse, ya ɗauki nauyin makarantun Alƙur'ani da mahaddata, har aka san shi da laƙabin Hadimul Ƙur'ani, kuma a shekarun 1990 aka naɗa shi Halifan ɗariƙar Tijjaniyya a Nijeriya. Ɗansa Abdussamadu ya kafa kamfanin BUA a 1988.

Haƙƙi ne a kanmu mu ambaci talakawan Bici da ba a rubuta sunayensu ba, waɗanda suka matsa a cikin ƙuncin gonakinsu suka ba baƙo wuri, musamman yau da fitina ta sake koro mutanen Barno, da na Zamfara da Katsina, zuwa ƙofofinmu. Halifa Isyaku Rabi'u ya rasu a Landan ran 8 ga Mayu, 2018, aka kawo shi Kano aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.