Jedem das Seine: Tarihin Taken Ƙofar Buchenwald

"Jedem das Seine" kalmomi uku ne na Jamusanci da 'yan Nazi suka ƙera a jikin ƙofar ƙarfe ta sansanin Buchenwald, kusa da birnin Weimar. Ana iya fassara su da "kowa da nasa", ko "kowa da rabonsa", ko "a ba kowa abin da ya cancanta". Ta ukun ce kaɗai ta yi daidai da tarihinsu.

Tushen taken shi ne ƙa'idar shari'ar Rumawa, "suum cuique" a harshen Latin, wadda ta shiga kundin dokokin Sarki Justinian a shekarar 533 da ma'anar a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. A 1701 masarautar Prussia ta ɗora ta a kan lambar girmanta ta Baƙar Mikiya. Maganar alƙali ce ke nan, shi ya sa "rabo" bai dace ba, domin rabo a wurin Bahaushe Allah ke bayarwa, alhali a nan mutum ne ke yanke wa ɗan'uwansa hukunci.

An buɗe Buchenwald a watan Yulin 1937. A farkon 1938 aka sa wani fursuna ɗan kwaminisanci, Franz Ehrlich, tsohon ɗalibin makarantar zane ta Bauhaus, ya tsara haruffan, shi kuwa ya zana su da salon makarantar tasa wadda 'yan Nazi suka tsana. Babbar hujjar fassara ta ukun ita ce inda rubutun ya fuskanta: daga ciki ake karanta shi, daga filin da ake ƙirga fursunoni safe da yamma. Da su ake magana, ana shaida musu cewa yunwa da bulala da mutuwa su ne haƙƙinsu. Kafin sojojin Amurka su iso ranar 11 ga Afrilu, 1945, kimanin mutum 56,000 sun mutu a sansanin da rassansa.

Akwai masu cewa magana ce tsohuwa da ta girmi Hitler da ɗaruruwan shekaru, bai kamata a bar masa ita ba. Gaskiya ne, har yau 'yan sandan sojan Jamus na riƙe da ita a harshen Latin. Amma ta Jamusancin ce aka ƙera a ƙofar nan, ita 'yan'uwan mamatan suke tunawa. A 1998 kamfanin Nokia ya sa ta a tallar waya a Jamus, jama'a suka yi ca, dole ya janye tallar.