Gida da Ƙasa a Zangon Kumasi: Darasi daga Tarihi

Kalmar zango a asali tana nufin inda ayarin fatake ke sauke kaya su kwana, gari na wayewa su wuce. A Kumasi, babban birnin Tonawa, wannan masauki ya zama unguwa ta dindindin, kuma tarihin gidajenta yana da abin koyarwa ga duk mai son zuba dukiya a gini.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, Salaga ce kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa ta, Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903. Sai 'yan kasuwa daga Kano da Katsina da Barno suka yi ta kwararowa, tare da Mosawa da Zabarmawa.

Dabarar masu arzikin farko ita ce zama mai gida. Mutum zai gina gida mai tsakar gida da ɗakuna da yawa, ya sauki baƙin fatake, ya ciyar da su, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya wa mai saye lamuni. Ribarsa tana fitowa ne daga la'adar cinikin goro da shanu. Saboda haka darajar gida tana bin kusancinsa da kasuwa da kuma amanar mai shi. Wanda ya yi gini nesa da hanyar ciniki, ɗakunansa kan kwana babu kowa.

Sai dai ƙasar da aka yi ginin a kanta ba ta taɓa zama ta mai gida ba. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 gwamnatin Turawa ta riƙe filayen tsakiyar birnin, a 1943 ta mayar da su hannun Sarkin Asante. Abin da ɗan zango ke samu shi ne haya ta dogon wa'adi, yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Da yawa sun sayi gini da shaidar baki kawai, gaban malami da mai unguwa, ba su nemi takarda ba.

Siyasa ta nuna raunin wannan zama. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zango kuma jigon 'yan adawa, zuwa Najeriya, duk da ya ce a Kumasi aka haife shi. Babbar musibar ta zo ranar 18 ga Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta bai wa baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su fita. Mai gaggawa ba ya ciniki. Gidajen da aka shekara da shekaru ana tara kuɗinsu aka sayar da su da arha, wasu aka bar wa maƙwabta amana. Waɗanda suka riga suka yi gini a garinsu na asali su ne suka sami wurin sauka, aka ga gaskiyar karin maganar nan, gida biyu maganin gobara.

Waɗanda suka zauna ma ba su tsira ba. A shekarun 1980 gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya alhali farashin siminti da kwano yana ta hauhawa, har abin da ɗaki ke kawowa ya kasa gyara rufinsa. Gado kuma ya raba gida ɗaya tsakanin magada goma ko ashirin, kowa da ɗakinsa, ba mai ikon sayarwa, ba mai ɗaukar nauyin gyara.

Yau tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili na har abada, kuma hayarsa ba ta wuce shekara 50. Don haka mai son sayen gida a Aboabo ko Sabon Zango zai fara tambayar shekarun da suka rage a takardar hayar, sannan ya bincika rajistarta a Hukumar Filaye, sannan ya tabbatar kowane magaji ya sa hannu kafin ya miƙa ko sidi ɗaya.